Wardin Hajja da Kanwar Shanu

Makon jiya ɗana ya kawo magina suka shafe tsakar gidan nan na unguwar Ajilari da siminti, tun daga bakin zaure har ƙofar madafa, ba su bar ƙasa ko tafin hannu ba. Wai don kada jikoki su riƙa shiga ɗaki da yashi a ƙafa. Na ƙyale su, gidansa ne. Amma da na ga wani magini ya sunkuya zai ja kaskon wardina kamar buhun gawayi, sai da na daka masa tsawar da ta sa ya saki ba shiri, har maƙwabta suka leƙo. Da yamma jikata ta shigo da wani jan fure na roba a hannu, ta ce, "Kaka, ga wanda ba ya son ruwa kuma ba ya mutuwa, ki huta da wahala." Na karɓa na sa mata albarka, don da zuciya ɗaya ta kawo. Na kai shi hanci don sabo, ba abin da na ji sai warin kanti. Tun ranar nake kwana nake tashi da tunanin gidanmu na Limanti, da tsohuwar da ta rene ni, da wata ɓarna da na yi da hannuna, wadda har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

A zamanin da nake faɗa, Yerwa, wato Maiduguri, ba ta kai rabin rabin haka ba. Nan da nake zaune da can unguwar Dala duk daji ne da ƙaya, nan ake koro shanu kiwo, wanda ya yi yamma a nan sai a ce ya yi ganganci saboda kura. Itatuwan dalbejiyar da yanzu suka rufe gari da inuwa sabbin dashe ne a lokacin, an kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, tsawonsu bai wuce na mutum ba. Abin da ke tashinmu bayan kiran salla luguden mata ne, gida yana amsa wa gida, sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai takun takarkarai masu shigowa daga wajen tafki ɗauke da banda da kanwa. Kana kwance za ka san wace ce ke daka daga jin faɗuwar taɓaryarta. Yanzu kuwa injin niƙa a nan, janareta a can, maƙwabcinka zai kwana uku yana tari ba ka ji ba.

Mu asalinmu makiyaya ne, Larabawan Shuwa. Baba a bayan shanu ya tashi, har shekarar da ciwon bushiya ya shiga garkensu ya share shi cikin wata guda. Saniya ɗaya tak ta tsira masa, ita ma don ba ta cikin garken ne, ya ba wani talaka aronta a wani ƙauye mai nisa yana shan nono. Da ita da maruƙanta ya shigo gari ya zama dillalin shanu. Jiki dai ya zauna a birni, amma kan Baba har ya koma ga Allah yana daji. Komai da saniya yake auna shi, ko tsintsiya ce ta daɗe a gidanmu sai ya raɗa mata suna. A zaurenmu ba a rasa allon kanwa ungurnu jingine da bango, kuma yana da wata magana da na ji ta fi sau dubu: "Duk abin da ya rame, kanwa yake nema." Jaki ya yi sanyi, kanwa. Tunkiya ta ƙi ci, kanwa. Ni kaina in cikina ya murɗa, kunun kanwa za a dama mini. Kuma wallahi tana yi, ban taɓa ganin ta ba shi kunya ba.

Mahaifiyata kuwa ban san fuskarta ba. Ina 'yar shekara uku ta raka uwarta aikin hajji, wato kakata, wadda daga baya kowa ke kira Hajja. A ƙasa ake tafiya a lokacin, a miƙe gabas, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago a gonar wani, sannan a ci gaba. An ce shekara biyu za su yi. Shekara bakwai na yi ina leƙen hanya. Matar da Baba ya aura daga baya ta riƙe ni tsakani da Allah, ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, amma duk ayarin alhazan da ya shigo gari sai na ruga na tsaya ina duban matan ɗaya bayan ɗaya, alhali ban ma san kamannin wadda nake nema ba.

Wata rana da la'asar sai ga Hajja ta yi sallama. Ta rame ta yi baƙi, ƙafafunta duk faso, a kanta wani gora da aka yanke wa baki, wani ɗan reshe mai ƙaya ya leƙo daga ciki da ganyen da bai fi goma ba. Ni ban dube ta ba, bayanta nake dubawa. Ba kowa a bayanta. Baba, wanda ɗan wanta ne, ya durƙusa ya gaishe ta, ya kasa tambaya. Ta sauke goran da hannu biyu ta ajiye a gabansa, ta ce, "Na tafi da amanarka. Ga abin da na dawo da shi."

Sai daga baya ta ba mu labarin, kaɗan-kaɗan, don ba mace ce mai yawan magana ba. Sun yi hajji lafiya. A hanyar dawowa suka tsaya wani gari a bakin kogin Nilu, mahaifiyata tana ɗebo ruwa a lambun wani dattijo. A lambun akwai wardi, kuma kullum da yamma takan dawo masauki da fure ɗaya a soke a ɗankwalinta. Zazzaɓi ya kama ta, kwana biyar ya ɗauke ta. Aka binne ta a maƙabartar baƙi, inda ba alama, Hajja ta ce ko ita da ta tsaya a wurin in aka mai da ita ba za ta gane kabarin ba. Shi ne ta je ta roƙi dattijon reshe ɗaya. Shekara biyu tana ɗauke da shi. Duk zangon da damina ta riske ta sai ta dasa shi a ƙasa, in ya kama ta yanki sabon reshe ta sa a gora, ta bar uwar ga masu masauki. Inda ba ruwa kuwa, kurɓi ɗaya nata, kurɓi ɗaya na gora. Baba ya saurara har ƙarshe, ya share ido, ya dubi reshen yadda yake duban maraƙi sabon haihuwa, ya ce sunanta 'Yar Gabas.

Kaskon da aka dasa ta Inna Dije ce ta gina shi. Bakanuwa ce mai ginin tukwane a bakin kogin Ngadda, mijinta baduku, mace mai dariyar da ake ji daga unguwa zuwa unguwa. Shekara ashirin a Yerwa amma Barbarcinta bai wuce gaisuwar "wushe, wushe" ba. Da Hajja ta ce tana son kasko mai zurfin kamu guda da huji a ƙasa, Inna Dije ta tafa hannu ta ce, "Hajja, wa ya taɓa gina tukunya don ta yi yoyo? Ai sai a ce na lalace!" Ta gina dai, ta kawo da kanta, ta tsaya tana kallo har aka gama dashe.

A hannun Hajja na koyi renon wardi, kuma ban ga reno mai son ido kamarsa ba sai na jariri. Tsingaro ake fara jerawa a kan hujin don kada ya toshe. Sai yashin kogi, da baƙar ƙasa kaɗan, da kashin shanun da damina ta riga ta wuce a kansa, don ɗanye ƙona saiwa yake yi. Kaskon a kan duwatsu uku yake zama kamar tukunya a murhu, a barbaɗa toka a gindin duwatsun saboda gara, a ƙasa fa, ban da cikin kasko. Ruwa da sassafe, a gindi za a zuba, kada a jiƙa ganye, kuma wanda ya kwana a randa ake so. Ranar hantsi abincinta ce, ta azahar kuwa makashinta, saboda haka da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa sai a jingina mata zana. In ƙananan ƙwarin nan kore suka taru a kan toho, a jiƙa ganyen taba a share su da tsumma. Furen da ya fara zuba a cire shi, kada ta ɓata ƙarfinta a kansa. Duk shekara biyu a juye ta daga kasko, a rage saiwa, a sake ƙasa. Sai babban abin, wanda tun ina ƙarama na tsana: da damina ta ɗauke, Hajja takan wasa wuƙa ta sassare 'Yar Gabas, kowane reshe a karkace ɗan sama da idon da toho ke fitowa, ta bar ta gutsi-gutsi kamar kan da aka yi wa aski. Ni ɗaki nake gudu don kada in gani. Bayan wata biyu sai ta fashe da toho, furanni su buɗe, ƙamshi har zaure, abokan cinikin Baba su riƙa tambaya wane irin turare ake sawa a gidan nan. Yaran yanzu in na jera musu wannan sai su ce ai akwai maganin feshi a kasuwa. Oho dai, ni ban taɓa saya ba.

Rassan da Hajja ta sare ba ta zubarwa. Takan yanka su tsawon taƙi-taƙi, ta aike ni da su gida-gida. Mutanen Limanti su karɓa don kunyarta, in na juya baya in ji suna cewa, "Ba a miya da shi, ba a magani da shi, ga ƙaya." Wasu akuya ta cinye, wasu ƙishirwa ta kashe. Inna Dije kaɗai ta sa kanta da gaske, ita ma sau biyu yana mutuwa a hannunta. Na farko ta cika masa ruwa ya ruɓe, na biyu ta manta shi a rana ta tafi biki. Saboda haka duk faɗin Yerwa, 'Yar Gabas ɗaya ce, a tsakar gidanmu.

Ina wajen shekara goma sha biyar yanar ido ta rufe wa Hajja gani. Ta kama hannuna ta ɗora a bakin kaskon, ta ce, "Ya bitti, daga yau ke ce idona." Haka take kirana da Larabcinmu, wato 'yata. Kullum da hantsi ina jan hannunta, in shimfiɗa mata tabarma kusa da kaskon, ta shafa ganyen da hannunta ya kai, ta ja numfashi mai tsawo, sannan ta ce, "Nawa yau?" In ƙirga furanni in faɗa mata. In na ce huɗu sai ta gyaɗa kai ta ce alhamdulillahi, ni kuwa na san inda hankalinta ya tafi.

To da iko ya dawo hannuna sai na kafa tawa dokar. Na ce ba mai sake sa wa 'Yar Gabas wuƙa. A raina uwata ce a cikin kaskon nan, wa zai sare uwarsa? Damina ta ɗauke, Hajja ta ce a wasa wuƙa, na ce to. Na rage na ƙasa inda hannunta ke kaiwa, na bar na sama suna ta tsawo, na ce mata an yi. Juye kasko ma na ƙi, ina tsoron kada saiwa ta tsinke. Kyauta kuwa na rufe ƙofarta ruf. Wata rana Hajja tana barcin rana, Inna Dije ta shigo da 'yar tukunyarta a hannu tana dariya, ta ce, "'Yata, a sam mini reshe ɗaya mana, wannan karon na gane kansa." Na dube ta, mace sa'ar uwata, na ce, "Inna, kin kashe biyu, ba za ki kashe na uku ba." Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce, "Haka ne, 'yata. Allah ya raya." Ta juya da tukunyarta. Ni a lokacin har daɗi na ji, ina ganin na yi tsaron amana.

A bazara ta biyu, lokacin da Ngadda ta ƙafe har yara na haƙa yashi suna neman ruwa, 'Yar Gabas ta fara sauya. Ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa, furanni suka ƙanƙance, in na zuba ruwa sai ya tsaya a sama ya ƙi sauka. Ciwonta ba ɓoyayye ba ne, da na juye kaskon da na gani da idona: saiwa ta cika shi ta toshe hujin, rassa sun yi mata yawa. Amma ba na son in tambayi Hajja, don tambaya za ta tona ƙaryata ta shekara biyu. Na tsaya na dube ta, na ga dai ta rame. Ni kuwa 'yar Baba ce. Na je zaure na ɓalli kanwa kamar dunƙulen hannu, na daka, na dama a ƙwarya, na yi bisimilla na zuba mata a gindi. Washegari na ƙara, don Baba kan ce ba a ba saniya kanwa sau ɗaya. Allah ya sani, da zuciyar magani na zuba.

Kwana uku bakin ganyen ya ƙone ya nannaɗe. Tohon da ke shirin buɗewa ya sunkuyar da kai. Saman ƙasar ya yi fari fat. Na rasa inda zan sa kaina. Da hantsi sai na shimfiɗa wa Hajja tabarma nesa da kaskon, na ce ƙudan zuma sun yi yawa. Ta ce, "Nawa yau?" Na ce, "Biyu, Hajja." Washegari na ce uku. Rana ta uku ta ce ita fa ba ta jin ƙamshi, ko hancinta ne ya bi idon? Maganar nan ta soke ni, amma maimakon in faɗi gaskiya sai na ƙara wata wautar a kan ta farko. Na shiga ɗakin matar Baba na ɗauko 'yar kwalbar turaren wardi, irin wanda fatake ke kawowa, na yayyafa a kan busasshen ganyen. Kai, yarinta! Mace 'yar Barno, wadda ta tsufa tana haɗa humra da turaren wuta, ita zan yaudara da kwalba.

Da safe ta ce in kai ta har bakin kaskon, zuma ko ba zuma. Na kai ta. Ta ja numfashi sau ɗaya, ta tsaya.

"Wa ya zuba wa 'yata turaren kwalba?"

Ta miƙa hannu ta kama ganye, ya marmashe a yatsunta. Ta miƙe tsaye, abin da ba ta saba yi ba, ta bi rassan sama da hannu har inda suka ƙare, ta ji tsawon da na bari suka yi. Sannan ta durƙusa ta ɗebi ƙasar kaskon da ɗan yatsa ta sa a harshe.

"Kanwa," in ji ta, a hankali.

Na faɗi a gabanta ina kuka, na faɗa mata komai, da saran da ban yi ba, da juyewar da ban yi ba, da abin da na gaya wa Inna Dije. Na so ta dake ni, wallahi na so. Ba ta ɗaga hannu ba. Hawaye ne kawai na ga yana fita daga idon nan da ba ya gani. Baba yana zaure zai fita kasuwa, ya ji kukana ya shigo. Da ya ji abin da ya faru sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya ce, "Hajja, maganata ce yarinyar nan ta ɗauka. Ni na koya mata." Hajja ta ce, "Ba lokacin rabon laifi ba ne. A kawo wuƙa."

Ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya tana kankarewa da farce, tana tambayata launin abin da ke ƙarƙashin ɓawon. Wannan? Ƙasa-ƙasa. Wannan? Ya bushe. Sai can a sama, a reshen da ya fi nisa da gindi, na ce, "Kore, Hajja." Ta yanke shi, ta raba uku. Ta ce ɗaya in dasa a sabuwar ƙasa, biyu in kai wa Dije.

Na ce, "Hajja, ita fa ta kashe biyu."

Ta ce, "Shi ya sa. Wanda ya kashe biyu ya san abin da ke kashewa. Ke ɗaya kika kashe, da sauranki."

Na dubi Baba ko zai cece ni daga wannan aike. Ya girgiza kai ya ce, "Tashi ki tafi. Ni da na tara shanuna a garke ɗaya, wadda na bayar ce kaɗai ta dawo mini. Na koya miki kanwa, wannan ban koya miki ba."

Na naɗe rassan a jiƙaƙƙen tsumma na kama hanyar bakin kogi cikin rana. Ban taɓa tafiya mai nauyi irin wannan ba. Na tarar da Inna Dije hannunta dumu-dumu da yumɓu. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai, na ce, "Inna, na kashe ta. Hajja ta ce in kawo miki." Na jira ta mai da mini maganata, don ta cancanta. Ta wanke hannu, ta buɗe tsumman, ta duba, ta ce, "Ayya, 'yata. Tashi, rana na dukansu, kuka ya jira." Ta soka su a 'yan tukwane masu huji, ta binne tukwanen a jiƙaƙƙen yashin gindin randarta inda sanyi ba ya ƙarewa, ta kife wani fasasshen tulu a kansu. Ta ce da rana a rufe, da yamma a buɗe su sha iska, kuma kada in sake in zo ina tone su don in ga ko sun yi saiwa.

Uwar ta mutu kafin ruwan farko. Na juye kaskon na ga saiwar a dunƙule kamar gammo, baƙa ƙirin. Nawa reshen ya yi kwana ashirin ya bi ta. Na Inna Dije ɗaya ya ruɓe. Saura ɗaya. Hajja ba ta sake ce mini "nawa yau" ba, amma kullum da hantsi sai ta ce in shimfiɗa mata tabarma a wurin da ta saba, ta zauna kusa da duwatsu uku da ba komai a kansu. Duk ranar kasuwa ina zuwa bakin kogi in dawo mata da labari. Ya yi ido. Ya fitar da ganye biyu. Ya kai taƙi da rabi. Wannan karon abin da na gani kawai nake faɗa.

A tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da Hajja, kuma tun daga kwanciyar na san ba ta tashi ba ce. Abinci ya ragu, magana ta ragu. Abin da nake roƙon Allah a kowace salla ɗaya ne, ya bar ta har ta sake jin ƙamshin nan, ko sau ɗaya, don ni na raba ta da shi. Dawa ta fara nuna, ruwa ya fara ja da baya. Wata safiya sai ga sallamar Inna Dije, ba dariya, tana ɗauke da tukunya a ka. A saman ɗan reshen akwai toho guda, a rufe gam, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce, "Na so in jira ya buɗe, amma aka ce mini jikin ya yi nauyi."

Muka ajiye tukunyar a bakin shimfiɗa. Na kama hannun Hajja na kai shi. Ta shafa ganyen, ƙaya ta soke ta ba ta janye ba, ta hau har ta kama tohon tsakanin yatsa biyu. Ta matso da hanci. Na san ba ƙamshin komai, tohon bai isa ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Ya bitti, nawa yau?"

Na ce, "Ɗaya, Hajja. Bai buɗe ba."

Ta ce, "Tana hanya. Na san tafiyar nan, ba a gaggawarta." Ta saki tohon, ta nemo hannuna ta riƙe, ta ce, "In damina ta ɗauke ki sare ta. Ki kai wa Dije rabonta."

Kwana biyu bayan nan ta rasu da hantsi. Furen ya buɗe ranar sadakar uku, gida cike da mata, ƙamshi ya shiga har ɗakin da ta kwanta. Masu ta'aziyya suna ta cewa masha Allah. Ni kuwa bayan ɗaki na zaga na toshe bakina da zane, don kwana uku kacal ya raba su, kuma na san hannun da ya jawo haka.

Da damina ta ɗauke na wasa wuƙa da kaina, na sare. Tun daga shekarar ban tsallake ko ɗaya ba, har aure, har haihuwa, har tashinmu daga Limanti, har wannan tsufan da yanzu sai na lalubi idon reshe da yatsa kafin in yanka. Baba bai sake faɗin maganar kanwa a gabana ba. Inna Dije ta daɗe da rasuwa, amma na ji har yanzu akwai wardi a gidan jikokinta. Wadda ke cikin kaskon nan da maginin ya so ja, ban san ko jika ta nawa ba ce ga wadda ta zo a gora.

Jiya na kira jikata, mai furen roba. Na yanki reshe tsawon taƙi, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na sa mata a hannu. Ta ja da baya ta ce, "Kaka, ni fa ban iya ba, kashe shi zan yi."

Na ce, "Kashe. In ya mutu ki dawo ki karɓi wani, ko sau nawa ne. Kanwa ce dai kada ki zuba masa."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi.